Yadda Za Ka Burge Surukinka da Makarin Lagireto

Kai saurayi mai neman aure, matso kusa. Idan kana da mota, kana da budurwa, kuma uban budurwar yana kallonka kamar ɗigon miya a rigar zuwa coci, to wahalarka ta ƙare yau. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tare da ka sa hankalinka a ciki ba, sunanka zai shiga bakin kowa a garinku kafin a tashi daga sujadar Lahadi. Ban ce da alheri ba. Na dai ce zai shiga.

Hanyar nan gwadajjiya ce. Maƙwabcina Halvor Brekke ne ya fara bin ta a nan garinmu Nordlund, a Dakota ta Arewa da ke ƙasar Amurka, a shekarun da gwamnati ta haramta sayar da giya. Wani ɓangaren na gani da idona, sauran kuma surukarsa ce ta ba ni, tana yi tana share hawayen dariya.

Mataki na Ɗaya: Zaɓi surukin da ya tsani mota

Kada ka ɓata basirarka a kan mutum mai sauƙin kai. Nemi irin Amund Rustad: dattijon coci, shugaban ƙungiyar yaƙi da shan giya, gemu har ƙirji. Mutum ne da in ya shigo shago, masu dariya kan haɗiye ta su koma zancen farashin alkama. Dawakinsa biyu ne ke ja masa keke, kuma mota a wurinsa ba komai ba ce illa tukunya mai tari da aka sa wa ƙafafu.

'Yarsa Borghild ita Halvor ke so, kuma so na gaskiya. Manomin alkama ne, ba shi da muni, ba shi da lalaci, sai dai Allah ya jarabce shi da son a ce ya iya. Da ya je neman aurenta, tsohon ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ɗan Brekke, gona kam kana da ita. Natsuwa ce ban gani ba tukuna. In na gani, ma yi magana."

Mai hankali zai koma gida ya natsu. Kai kuma sai ka tafi neman abin da za ka nuna a ce natsuwa ce.

Mataki na Biyu: Raina bargon doki

Kowa ya san abin da sanyin nan namu ke yi wa mota. Iska ta bi ta lagireto, ruwa ya daskare, inji ya ƙi ɗumi, kai kuma ka tsaya a tsakar dusar ƙanƙara kana murɗa ƙarfen tayarwa kana ambaton kakannin wanda ya ƙera ta. Maganin da kowa ke yi biyu ne. A zuba barasar inji a cikin ruwan don kada ya daskare, wadda doka ta bari saboda an sa mata guba, ko mashayin gari ba ya kusantarta. Sannan a rataya tsohon bargon doki ko kwali a gaban lagireto ya tare iska. In inji ya yi zafi, ka sauka ka ɗage bargon. Shi ke nan.

Wannan dabara tana da babban aibi: tana aiki, amma ba wanda ke waigowa ya kalle ka.

Halvor ya aika har Chicago aka turo masa makari ta jirgin ƙasa. Abu ne mai ƙyalli, 'yan faifan ƙarfe a jere kamar tagar luba, ana ɗaura shi a fuskar lagireto. Wata siririyar sanda ta taso daga jikinsa har gaban direba, da ɗan ƙulli a bakinta. Kana zaune, ba ka sauka ba, sai ka rufe wa injinka iska in sanyi ya yi yawa, ka buɗe masa in ya ji zafi. A ganin Halvor, duk wanda ya ga mutum yana juya iskar Allah da yatsu biyu, dole ya ba shi 'ya.

Ka riƙe wannan: hikima tana zuwa ne a cikin akwati, daga babban birni.

Mataki na Uku: Ɗaura shi da kanka, kuma kada ka zagaya gaba

Ranar Asabar Halvor ya shige rumfar dabbobi ya ɗaura makarin shi kaɗai. Sandar tana da maƙali biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya zaɓi wanda hannunsa ya fi saurin kaiwa. Ya hau kujera, ya ja ƙullin, ya ji ƙaras. Ya tura, ya ji ƙaras. Ya ce, "To, in na ja ya buɗe, in na tura ya rufe."

Wa ya gaya masa haka? Ba kowa. Zuciyarsa ce, kuma a bai-bai ta gaya masa.

A nan ne ragwaye ke sauka su zagaya gaban mota su duba. Kada ka yi. Duba aikinka alama ce ta rashin yarda da kai. Kafin ya fita ma sai da ya ƙara wa lagireto barasa fiye da ƙima, don abin da kaɗan ɗinsa ke da amfani, ai mai yawansa sai ya fi.

Mataki na Huɗu: Jira ranar da ba ta ɗaukar kuskure

Lahadin nan ita ce ranar liyafar shekara ta coci, ranar da ake cin busasshen kifin nan da ake jiƙawa a ruwan toka, wanda warinsa ke riga mutum isa gida. A ranar ce kuma Amund ke hawa mumbari ya yi jawabinsa na shekara a kan sharrin giya. Ya kwashe makonni yana maimaita shi a gaban shanu.

Sai ɗaya daga dawakinsa ya wayi gari yana ɗingishi. Halvor bai jira an roƙe shi ba, ya faka mota a ƙofar gidan yana danna hon.

Safiyar ta zo da sauƙi. Rana ta fito, iska ta kwanta, har ruwa na ɗiga daga bakin rufi. Amund ya fito cikin babbar rigarsa ta gashin ɓauna, yana jan hanci saboda mura. Matarsa Gunhild ta biyo shi rungume da kwandon lefse, wainar dankalin da ta kwana biyu tana yi. Borghild na bayanta da babban garwan madara cike da gahawa mai zafi, an naɗe shi da bargo. Gahawar Gunhild ita ce dalilin da ya sa rabin garin ke zuwa liyafar.

"Baba, kafin mu tafi, ku tsaya a gaba ku ga wani abu," in ji Halvor.

Suka jeru a gaban motar. Ya hau ciki ya leƙo.

"Yau babu sanyi sosai, inji na son iska. Ku duba, zan buɗe masa ba tare da na sauka ba."

Ya ja ƙullin. Faifan suka haɗe ƙam, ko allura ba za ta wuce ba.

Amund, wanda bai san gaban lagireto da bayansa ba, ya gyaɗa kai ya ce, "Hmm."

Borghild ta karkata kai. "Halvor, anya? Ni kamar rufewa na ga ya yi."

Ga darasin: wanda ke tsaye a gaban abu yana kallonsa bai kai wanda ya saya sanin halinsa ba.

"Daga waje haka yake nunawa," in ji Halvor yana murmushi. "Ke dai shigo, harkar inji ce."

Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta shiga.

Mataki na Biyar: Fassara jan layi yadda ya yi maka daɗi

A kan murfin lagireto akwai ɗan ma'aunin zafi mai gilashi, yana fuskantar direba. In inji ya ɗau zafi, jan layi na hawa. Tun kafin su wuce gonar Rustad ya fara motsi. Da suka kama hawan tudun bakin kogi, da mutum huɗu da garwa da kwando a ciki, sai ya miƙe tsaye.

"Yaro, mene ne wancan jan abin da ke tashi?" in ji Amund.

"Alamar lafiya ce, Baba. In inji na jin daɗi, haka yake yi."

"To, yau kam yana cikin farin ciki."

Gumi ya fara tsattsafo wa Halvor a ƙarƙashin hula. Ya ƙara jan ƙullin don ya tabbatar a buɗe yake. Ya ja har yatsunsa suka yi fari. Motar ta fara wani gunaguni kamar tukunyar wake.

"Maigida," in ji Gunhild daga baya, "ka ji kamar ana tafasa wani abu?"

"Murna ce take yi," in ji Amund. "Direba ya faɗa."

A kan tudun, motar ta yi tari biyu, ta fesar da farin tururi, ta tsaya cik.

Mataki na Shida: Buɗe murfin nan take

Za ka ji wasu na cewa a bar inji ya huce tukuna. Waɗannan ba su da suruki a kujerar gaba.

Halvor ya dira. Amund ma ya sauko da ƙyar, ya zagayo ya tsaya ta inda iska ke kaɗawa, hannu a baya, don ya ga natsuwar da aka yi masa alkawari. Halvor ya kama murfin ya murɗa.

Murfin ya yi sama. Ruwa da barasa suka bi shi kamar an fasa rijiya. Abin da ya fara fitowa ya sami Halvor a wuyan hannu, tsakanin safar hannu da hannun riga. Sauran ya tashi, ya sha iska ya huce, ya sauko gaba ɗaya a kan dattijon coci: hula, gemu, da rigar ɓauna wadda ta shanye shi tas kamar dama ƙishirwa take ji.

Ruwa na ɗiga daga gemun.

"Wannan ma murna ce?" in ji Amund.

Borghild ta sauko ta je gaban motar. "Halvor, koma ciki ka tura abin nan."

"Ai in na tura rufewa zai..."

"Tura."

Ya tura. Faifan suka buɗe wangam, iska ta shiga. Halvor ya zauna yana kallon sitiyari. Wuyan hannunsa na ci kamar wuta, amma ya ja hannun riga ya rufe. Kunyar da yake ji ta fi ƙunar zafi.

Mataki na Bakwai: Cika lagireto da abin da ke kusa

Lagireto ya ƙafe, coci na da nisa, ƙararrawa ta fara kaɗawa can ƙasan tudu. Narkar da dusar ƙanƙara sai an hura wuta. Idanun mutum uku suka juya kan garwan.

"Kada wanda ya kalle ni," in ji Gunhild, ta rungume shi. "Maigida, gahawar liyafa ce fa."

"Gunhild, jama'a na jirana. Jawabi ne na shekara guda."

"Jawabin nan ai shanu ma sun haddace shi. A aika su mana."

Amma ta saki. Ta juya baya don kada ta ga ana yi. Motar ta sha gahawar nan har ta ƙoshi, ta tashi da murɗa ɗaya, kamar yadda kowa ke tashi in ya sha gahawar Gunhild.

A nan akwai abin lura. Amund na da mura, ba ya jin ƙamshi ba ya jin wari. Halvor hankalinsa ba ya jikinsa. Borghild tana zaune a baya kusa da garwa, gahawa kawai take ji. Gunhild kaɗai ce ta shaƙi rigar mijinta lokacin da take goge masa kafaɗa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna da gahawarta, ta rufe.

Mataki na Takwas: Zaunar da shi kusa da murhu

Wannan ba sai ka wahala ba. Kujerar dattawa dama a jikin murhu take.

Sun shiga ana waƙar farko. Amund ya zauna da rigarsa, murhu na ci ganga-ganga. Rigar ta fara tururi. Kafin a kai baiti na uku, dattijon da ke kusa da shi ya matsa. Na kusa da wancan ma ya matsa. A ɓangaren mata, gwauruwa Oline Tangen, wadda hancinta ke gane abin da aka dafa a gida daga wucewa ta titi, ta ɗaga kai ta shinshina hagu, ta shinshina dama, idonta ya sauka a kan shugaban ƙungiyar yaƙi da shan giya. Ta dafa ƙirji. Raɗa ta bi layi-layi har ƙofa. Ko warin kifin da ke tasowa daga ɗakin girki bai iya danne wannan ba.

Fasto ya kira shi. Amund ya hau mumbari, idanu jajur saboda mura, gemu a jiƙe. Ya yi tuntuɓe a matakala saboda nauyin rigar. Wani ya ce, "Allah sarki."

"'Yan'uwa," ya fara, "giya ɓarauniya ce. Ba ta sallama. Tana kama mutumin da ba wanda ya taɓa zato. Ina fata kuna ji na."

Daga can baya wani manomi ya amsa, "Muna ji, Baba Amund! Har nan ƙofa muna jin ka!"

Cocin ya fashe. Amund ya tsaya yana duban fuskoki, bai gane ba. Fasto ya matso ya raɗa masa wani abu a kunne. Na ga fuskar tsohon lokacin. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana tsare sunansa kamar ƙwai, sai ga shi a tsaye a gaban 'ya'yan da ya yi wa faɗa, suna yi masa dariya. Dariyar ta fara mutuwa da kanta, abin ya koma ban tausayi.

Mataki na Tara: Yi shiru

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane sauƙi. Ba wanda ke kallonka. Sunkuyar da kai, ka buɗe littafin waƙa. Surukin da ya faɗi ƙasa ba ya da bakin cewa wani ba shi da natsuwa.

A nan ne Halvor ya ba ni kunya a matsayina na malami. Ya miƙe.

"Jama'a, Baba bai sha komai ba. Motata ce."

Dariya ta dawo.

"Motarka ce ta sha?" in ji wani daga baya.

"E. A'a. Ni na zuba mata..."

"To, kai ne mai rabawa ke nan!"

Ya yi ja har kunnuwa, amma bai zauna ba. Ya ja hannun riga ya ɗaga wuyan hannunsa, duk ya yi bororo. Ya faɗi komai: yadda ya ɗaura makarin a bai-bai, yadda Borghild ta gaya masa ya ce mata harkar inji ce, yadda ya ce wa dattijo jan layi alamar lafiya ce alhali shi ma tsoro yake ji. "Burge shi na so in yi," in ji shi. "Wanda bai yarda ba, mota na waje, ya je ya shinshina."

Maza suka fita ɗungurungum, Oline Tangen na gaba. Ta sunkuya a kan lagireto ta ja numfashi. Ta ɗago.

"Gahawa," ta ce. "Motar nan gahawa take sha. Ta fi wasu dattawan kamun kai."

Halvor ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ga Gunhild ta ratso mutane da garwan a hannu. Ta kife shi a gabansu. Ko ɗigo.

"Gahawarku ce a ciki," ta ce. "Yau da ruwa za ku kora kifi."

Nan take aka daina dariya. Kowa ya san Gunhild Rustad za ta iya rufa wa mijinta asiri da baki, amma ba za ta zubar da garwan gahawa don ta gyara ƙarya ba. Aka wanke Amund tas. Fushin gari duka ya koma kan Halvor, kuma fushi ne na gaske, don ba ka san mutanenmu ba sai ka ba su kifin toka babu gahawa.

Mataki na Goma: Karɓi sakamakonka

Bayan liyafa Halvor na tsaye shi kaɗai a jikin motar, Borghild ta ɗaure masa hannu da tsumma da man shanu. Amund ya fito babu riga, an rataye ta a kan shinge tana shan iska.

"Ɗan Brekke."

"Na'am, Baba."

"Ka sa ni a tsaka. In na hana ka ita, za a ce na yi wa wanda ya wanke ni butulci. In na ba ka, Oline za ta ce toshiyar baki ce."

"Baba, duk abin da kuka yanke..."

"Rufe min baki, ai ka riga ka yi jawabinka na yau. Wawa ne kai. Amma na ga wawaye da yawa a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya miƙe a coci ya yi shela da bakinsa ba." Ya ja hanci. "Ban san ko natsuwa ake kiran wannan ba."

"Baba," in ji Borghild, tana ƙulle tsumman, "ni fa ba wanda ya tambaye ni."

Suka juyo su biyun.

"Zan aure shi. Amma daga yau ni ke tuƙi. Shi ya zauna a gefe ya riƙa yi wa mutane bayani, tunda nan ya fi ƙwarewa."

Amund ya dubi 'yarsa. Sannan ya juya ya nufi shinge. Sai da ya yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A sa rana bayan girbi. Lokacin babu sanyi, babu abin da zai rufe."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba bakanike ba ne, ba fasto ba ne, bai kuma taɓa ba kowa 'ya ba. Duk wanda ya bi matakan nan injinsa ya tsage, ko hannunsa ya sale, ko aka kore shi daga coci, ko budurwarsa ta auri mai keken doki, to ya nemi wanda zai kai wa ƙara, ni ba na gida. Wanda kuma aka yi rashin sa'a ya dace, ya sami mata mai gani da ido tana faɗa, kada ya zo min da kuka in ya tsufa a kujerar fasinja. Halvor na can har yau, kuma duk wanda ya tambaye shi, cewa yake shi ya koya mata tuƙi.